MR2 tana tafasa tun da aka canza famfon ruwa: iska ce ko gaskit?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa gyaran mota mai inji a baya. Toyota MR2 ce ta 1991, 'yar Amurka, mai inji 2.2. Famfon ruwanta ya fara yoyo, aka canza shi, aka canza tiyo biyu da suka tsufa, aka ɗura ruwa aka ce an gama. Tun daga ranar motar ba ta sake zama daidai ba. Allurar zafi takan zauna a ƙasa lafiya lau, sai kawai in ga ta haura har ta kusa ja, jim kaɗan ta faɗo da kanta. Hita ba ta kawo ɗumi ko kaɗan, ga sanyin Jos na wannan lokaci kun san yadda yake da asuba. In na kashe ta ina jin ruwa yana ƙulu-ƙulu a bayan kujera, robar ajiyar ruwa kuma tana amai. Jiya daga Rikkos zuwa Terminus kawai sai da na tsaya a hanya. Wanda ya yi aikin ya ce gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin gangar inji da kansa, a sauke tof, wato kan injin. Alhali kafin aikin nan motar ba ta taɓa yi mini zafi ba. Me kuke gani?

Ɗan Bukuru: Wa alaikumus salam. Allah ya kyauta. Ni tambaya gare ni kafin masana su iso: in inji yana baya, lagireton yana ina? Mai inji a baya da na sani ita ce Beetle ta mahaifinmu, ita kuwa iska ke sanyaya ta.

Baban Ilham: Yana can gaba, a hancin motar, kamar na kowace mota. Amma ba shi da murfi. Murfin zuba ruwa yana baya wajen inji.

Oga Tanimu: Baban Ilham, kada ka yarda a taɓa tof tukuna. Sauke tof ba wasa ba ne, kuɗi ne da lokaci, kuma in an sauke an mayar ba a cire iskar ba, matsalarka tana nan inda ka bar ta. Injin nan na san shi kamar yunwar cikina, 5S ne, shi ne a cikin Camry 2.2 da muka gyara har muka gaji. Inji ne mai haƙuri. Iska ce ta shige shi. Abin da za a yi: a ɗaga bayan motar da jak, a buɗe murfi, a tayar da ita, yaro yana ba ta wuta kai kana ƙara ruwa, har kumfar ta ƙare. Sannan a cire tamostat, ƙarfen nan da ke tare ruwa har sai inji ya yi ɗumi, a jefar. Wannan ƙarfen na ƙasar Turai ne, mu nan ba ƙanƙara muke fama da ita ba.

Injiniya Garki: Oga Tanimu, ranka ya daɗe, rabin farko na maganarka na sa hannu a kai. Iska ce, kuma kada a sauke tof. Amma hanyar da ka kawo ta Camry ce, a motar nan ba za ta wadatar ba. Maganar tamostat kuwa bari in dawo mata daga baya, don ban yarda da ita ba sam.

Inji ɗaya ne da na Camry, gaskiya ne, amma hanyar ruwan ba ɗaya ba ce. A Camry lagireto yana gaban inji da tazarar taƙi biyu, tiyo gajere sama, gajere ƙasa, duk iskar da ta shiga tana taruwa a wuyan murfi ta fita. A MR2 ruwa yana fitowa daga inji a bayan direba, ya gangara ƙarƙashin mota, ya bi dogayen bututun ƙarfe guda biyu har gaba, ya sake hawa cikin lagireto. Hita ma tana gaba wajen dashbod, da nata bututun daban masu tahowa daga baya. Ke nan wurare masu tudu uku ne: inji a baya, saman lagireto a gaba, da hita. Tsakaninsu kwari ne. Iska sama take hawa, ba ta nutsewa ƙasa ta bi bututu ta zo ta same ka a baya don ka buɗe mata murfi. Wadda ta maƙale a saman lagireto a nan za ta kwana, ko ka ba motar wuta har mai ya ƙare.

Shi ya sa Toyota da kansu suka sa bawul biyu na fitar da iska a gaba, ɗaya a saman lagireto, ɗaya a jikin bawul ɗin hita, a cikin but na gaba bayan safaya taya. Baban Ilham, ka tambayi wanda ya yi aikin ko ya buɗe but na gaba ranar. Kuma ruwa nawa ya zuba? Motar nan tana shan wajen lita 13, kusan ninki biyu na abin da Camry take sha.

Baban Ilham: Injiniya, ina tsaye aka ɗura ruwan. Ba a buɗe gaba ba ko sau ɗaya. Ya zuba ta baya har ya cika bakin murfi, ya tayar, ya ƙara kaɗan, ya rufe.

Injiniya Garki: To ka gani. Wuyan murfin ne ya cika, motar ba ta cika ba.

Mai Wayarin Farin Gada: Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani. Baban Ilham, lokacin da allura take hawa, fankar gaba tana tashi?

Baban Ilham: Ba ta tashi. Akwai wata ƙarama a gefen inji, ita nakan ji tana juyawa.

Mai Wayarin Farin Gada: Waccan ta gefe ba ta ruwa ba ce, zafin ɗakin inji take fitarwa, sensarta daban. Fankar gaba kuwa sensarta tana jikin lagireto, zafin ruwan da ya iso can take ji. In iska ta tare hanya, ruwan zafi bai iso gaba ba, sensa tana jin sanyi, ba ta da dalilin tayar da fanka. Inji yana ƙuna a baya, lagireto yana hutawa a gaba. Na faɗi wannan ne don na san abin da zai biyo baya, wani zai ce a haɗa fanka dairek da makulli. Kada ka yarda. Fanka tana hura lagireton da babu ruwan zafi a cikinsa, me ta sanyaya? Batir kawai za ka wahalar.

Hawa da saukar allura ma bayaninsa ke nan. Sensar geji a cikin ruwa aka yi ta ta zauna. In kumfar iska ko tururi ta rufe ta sai ta karanta wani abu daban, ruwa ya dawo ta sake karanta wani. Abin tsoro a nan, wani lokaci allura tana nuna lafiya alhali tof yana gasuwa, saboda sensar a bushe take.

Gwaji mai sauƙi: in ta ɗan yi ɗumi, kashe ta, ka sa hannu a hankali a kan tiyo biyun da ke shiga lagireto. In baya yana ƙuna su kuma suna sanyi ƙalau, ruwa ba ya zagayawa.

Maman Hanif: Sannunku da ƙoƙari. Ni Fijo 406 gare ni, kuma na taɓa shan irin wannan wahala bayan an canza mini lagireto. Sai da na kai wajen wani dattijo da ya san Fijo. Ya yanke gindin gorar ruwa, ya kifa bakinta a kan robar zuba ruwa ya naɗe da tsumma da roba, ya cika ta, sannan ya kwance wasu ƙananan noti a jikin tiyo da gidan tamostat. Ina kallo iska tana fita tana tsartuwa, sai da ruwa ya miƙe ba kumfa ya ɗaure. Tun daga nan shiru. Wannan dabarar ba za ta yi a tasa ba?

Injiniya Garki: Hajiya, tunani ɗaya ne. Dattijon ya ɗaga bakin zuba ruwa ya fi ko'ina tudu, sannan ya buɗe wa iska ƙofa a inda take taruwa. Fijo 406 ma tana da waɗannan ƙofofi, shi ya sa wanda bai saba da ita ba yake barin iska a ciki. Fiat X1/9 da ta fito a 1972, mai inji a tsakiya da lagireto a gaba, ita ma notin fitar da iskarta ta cikin but na gaba ake kai masa hannu. Duk motar da aka raba injinta da lagiretonta haka, sai an nemi inda aka ɓoye ƙofar.

Baban Ilham, ga yadda ake yi wa taka, ka karanta a tsanake.

Motar ta kwana, inji ya huce sarai. A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ba gangara ba, ba kan jak ba. Wannan yana da muhimmanci, kuma ka san unguwanninmu na Jos samun fili a miƙe sai an nema. Ka tura hita zuwa ƙarshen zafi don bawul ɗinta ya buɗe. Ka fitar da safaya taya da robar da ke rufe bayanta. Asali motar tana zuwa da siraran tiyo biyu masu haske a naɗe a cikin but ɗin nan, don wannan aiki kawai aka sa su. Ka cusa ɗaya a bakin bawul na lagireto, ɗaya a na hita, ka ɗaga ɗaya bakin nasu sama ka ɗaure a jikin bonet, su tsaya a miƙe ba lanƙwasa. Ka kwance kowane bawul kamar zagaye uku, kada ka zare shi gaba ɗaya.

Sai ka koma baya ka fara zuba ruwa ta murfi, a hankali. Inji a kashe. A nan mutane suke ɓata aikin, don suna ɗurawa da sauri, ruwa ya toshe wuya, iska ta rasa hanya. Ka zuba kaɗan, ka jira ya sauka, ka ƙara. Za ka ga ruwa ya fara hawa cikin tiyon nan biyu, kumfa tana bin sa tana fashewa a sama. Irin lebur ɗin magina ne na tiyo: ruwa da kansa yake neman daidaito, in tsawon ruwan cikin tiyo biyun ya zo daidai da bakin murfi na baya, kuma ya tsaya cak ba ya motsi, to hanyar ta haɗe daga baya har gaba ba iska a tsakani. In ɗaya ya ƙi hawa, akwai sauran aiki. Kana iya matsa manyan tiyo da hannu don ka zaburar da kumfar.

In sun daidaita, ka ɗaure bawul biyun, ka cire tiyo, ka sa murfi ka juya shi zuwa tsayawar farko kawai, ba har ƙarshe ba. Ka tayar, ta yi kamar minti uku tana ɗan sama da silo, ka kashe. Ka duba, in ruwa ya sauka ka ƙara, ka maimaita har ya daina sauka. Sannan ka ɗaure murfi har ƙarshe, ka cika robar ajiya zuwa layinta. Kashegari da safe kafin ka tayar ka sake dubawa.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri. Na je na duba yanzu. Na ga bawul na hita, fari ne na roba. Tiyon kuwa babu su, sai maƙalinsu kawai ya rage.

Ɗan Bukuru: Wannan ba matsala ba ce. Masu kayan gini suna sayar da tiyon lebur, awo ake yanka maka. Ka auna bakin bawul ɗin ka je da awon.

Oga Tanimu: Tunda za ka taɓa bawul ɗin, ji nan. Robar da ta haura shekara 30 tana shan zafi ba ta da tabbas. Kada ka kama ta da filaya ka murɗa da ƙarfi, karyewa za ta yi a ciki, kuma ba abu ne da za ka shiga Dilimi ka tsinta a shagon farko ba. Da yatsu, a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. In ka buɗe ba abin da ya fito, ba lafiya ba ce, tsatsa da laka ne suka toshe ramin. Siririyar waya za ka zura ka buɗe shi.

Amma Injiniya, har yanzu ina jiran ka kan tamostat. Shekara nawa muna cirewa motoci suna zuwa Maiduguri suna dawowa?

Injiniya Garki: Oga, suna zuwa suna dawowa, ban musa ba. Tambayata ita ce me ya sa aka cire tun farko. Kusan kullum mota ce take zafi saboda lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko murfi ya saki, ko tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe. Sai a cire shi, allura ta ɗan sauka, a ce an warke. In shi ne ya lalace, maganinsa sabo. In ba shi ba ne, ciwon yana nan an rufe shi da zane.

Tamostat ɗin injin nan yana fara buɗewa a digiri 82. Daga nan sama a buɗe yake, ba ya hana ruwa wucewa. Aikinsa shi ne ya hana inji zama da sanyi. Injin da bai kai zafinsa ba, kwamfutarsa tana ɗauka yanzu aka tashe shi, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Fetur ya tafi, fulogi ya yi baƙi, baƙin mai ya gurɓace, ringi su ci jikinsu. A Jos kuwa abin ya fi muni. Motar da take da lita 13 na ruwa da dogayen bututu a ƙarƙashi suna shan iskar hunturu, ka cire mata tamostat a watan Disamba ko Janairu, yaushe za ta yi ɗumi? Ya tashi daga Rikkos ya kai Bukuru allura ba ta ɗaga ba.

Oga Tanimu: A Jos na ba ka gaskiya, garin sanyi ne. Amma ka je Sakkwato a watan Afrilu ka tsaya a gosulo, sannan mu yi magana. Kuma ka faɗi gaskiya duka: wane tamostat ake samu a kasuwa yanzu? Ka saya a kwali mai kyau, wata biyu ya maƙale a rufe, inji ya ƙone a daji. Mai mota wa zai kama? Ni zai kama. Wanda babu shi ba ya maƙalewa.

Alhajin Fijo: Nan Tanimu ya faɗi abin da ke zuciyar bakanike da yawa, kuma ba rashin sani ba ne, tsoron jabu ne. Ni dai ra'ayina yana tare da Injiniya, amma da sharaɗi: kowane tamostat, sabo ne ko tsoho, a gwada shi a tukunya kafin a ɗaura. A rataye shi da waya cikin ruwa a ɗora a wuta, a ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, a sauke a ga ya rufe da ya huce. Aikin minti goma ne.

Injiniya Garki: Haka ne Alhaji. Kuma tunda an zo maganar tafasa, akwai abin da ya shafi Jos musamman. Garin yana sama da mita 1,200 daga teku, don haka ruwa zalla a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a wajen digiri 96, ba 100 ba. Abin da ke hana ruwan mota tafasa shi ne matsin da murfi yake riƙewa. Murfin motar nan na 0.9 ne, za ka ga lambar a jikinsa, kuma in yana da lafiya yana ɗaga wurin tafasar da kusan digiri 20. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, wannan kariyar ta tafi, kuma a kan tudu ta fi saurin tafiya. Akwai kuma ƙaramin bawul a tsakiyar murfin wanda yake barin ruwa ya dawo daga robar ajiya idan inji yana hucewa. In siririn tiyon da ya haɗa su ya tsage, maimakon ruwa iska zai zuƙo, kullum ka cire iska kullum ta dawo. Baban Ilham, murfi abu ne mai araha, ka canza shi tare da aikin.

Maman Hanif: Wane ruwa zai zuba? Mu dai fiya wata muke fasawa in ta kama.

Alhajin Fijo: In ta kama a hanya, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu. Amma ba na zama ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin lagireto, ruwa zalla kuma yana cin ƙarfe. Injin nan gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, tof ɗinsa alminiyam, ga dogayen bututu a ƙasa. Kulant ake so, wato ruwan sanyaya inji na musamman, rabi da rabi da tataccen ruwa in ba haɗaɗɗe ka saya ba. Masu batir suna sayar da tataccen ruwa, amma ka faɗa musu da baki ba mai asid kake nema ba, don duka biyun ruwan batir ake ce musu. Kada ka gauraya ja da kore. Sannan wanda aka tsiyaye daga mota kada a bar shi a faranti a tsakar gida. Yana da zaƙi, guba ne, akuya ko kyanwa ko yaro ƙarami na iya sha.

Kuma don Allah, duk mai karanta wannan, kada ka buɗe murfi inji yana da zafi. Na ga abin da tururi ya yi wa hannun wani yaron gareji, fata ta saɓule har gwiwar hannu. A motar nan ma sai ka sunkuya a kan inji kafin ka kai ga murfin, fuskarka tana daidai saitinsa.

Baban Ilham: 'Yan'uwa, ga rahoto. Na sami tiyon lebur, na tura motar filin wata makaranta kusa da mu inda ƙasa take a miƙe. Bawul na hita ya buɗe ba gardama, har na ji ya yi fiss. Na lagireto shiru, sai da na zura waya kamar yadda Oga Tanimu ya ce, wata baƙar laka ta biyo ta. Da na fara zubawa, tiyon hita ya cika da wuri. Na lagireto ya daɗe ba komai, sannan ruwa ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa da wata doguwar kumfa da ta kai tsawon yatsa, bayanta ƙanana a jere suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Duk kumfar da ta fashe sai ɗana ya kira ni daga baya ya ce ruwan wuya ya sauka. Motar da aka ce ta cika ta sha fiye da lita 2. Yanzu ƙugin ya daina, fankar gaba ta tashi da na bar ta a silo, allura ba ta ƙara tsalle ba.

Sai dai abu ɗaya. In ina tafiya allura ba ta kaiwa tsakiya, hita kuma ɗuminta kaɗan ne. Na kira wanda ya yi aikin farko, ya ce ai ya cire tamostat ranar da ya canza famfo, bai ga amfanin faɗa mini ba.

Mai Wayarin Farin Gada: Alhamdu lillahi. Tof ya tsira daga sifana.

Alhajin Fijo: Kada mu yi saurin cewa ya tsira. Motar ta hau kusa da ja ba sau ɗaya ba, kuma alminiyam ba ya son haka. Mai yiwuwa lafiya lau ne, injin yana da juriya, amma a tabbatar. Bambancin iskar da aka bari da iskar gaskit a bayyane yake: wadda aka bari tana ƙarewa, ta gaskit ba ta ƙarewa, don inji ne yake hura ta a duk bugun fistin. Baban Ilham, ka lura da safe kafin ka tayar, ka matsa babban tiyo. In ya kwana da tauri kamar an hura shi, ko ka tayar da sanyi cikin minti ɗaya ya kumbura, akwai magana. Ka duba ƙarƙashin murfin baƙin mai ko akwai farin kumfa mai kauri, ka duba ko ruwa yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Farin hayaƙi da asuba a Jos ba hujja ba ne, kowace mota tana yi saboda sanyi, sai in ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi. Mafi tabbas shi ne gwajin shuɗin ruwan nan da ake ɗorawa a bakin murfi, in hayaƙin inji yana shiga ruwa sai launinsa ya koma ruwan ɗorawa.

Ɗan Bukuru: Ni da zan ba da shawara, ya gangara Hawan Kibo ya hawo. In ta hau ba ta yi zafi ba magana ta ƙare.

Injiniya Garki: A'a ɗan'uwa, Hawan Kibo ba wurin gwaji ba ne. Hanya ce mai kwana da manyan motoci, in ta tafasa a tsakiyar hawa ba inda zai raɓe cikin aminci. Ya fara da cikin gari, sannan 'yar doguwar tafiya zuwa Mararrabar Jama'a ya dawo, yana duba ruwa kowace safiya har ya ga ya tsaya wuri ɗaya. Kuma duk wannan bayan an mayar da tamostat ne, don gwajin da aka yi babu shi ba zai nuna gaskiyar motar ba.

Baban Ilham, ka sani mayar da shi yana nufin buɗe gidansa, ruwa zai zube, iska za ta sake shiga. Aikin tiyo biyun nan za a maimaita shi daga farko.

Oga Tanimu: To tunda za a mayar, a mayar da shi daidai. Ni ra'ayina kan motar da ke aiki a ƙasar zafi yana nan, amma wannan ta Jos ce kuma mai ita ya zaɓa. Ka nemi na asali, ko da daga Apo ko Panteka za a aiko maka, ka dafa shi a tukunya kamar yadda Alhaji ya ce. A gefen farantinsa akwai ɗan rami da wani ɗan ƙarfe mai lilo a ciki. Wannan ramin sama yake kallo in an ɗaura, ta nan iska take wucewa lokacin da tamostat yake rufe. Yara da yawa suna juya shi ƙasa, sai iska ta taru a bayansa, ruwan zafi bai taɓa shi ba, ya ƙi buɗewa, a ce jabu ne. Sabuwar roba za a sa masa, ban da gam.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Oga, in kayan sun iso zan kawo maka ita ka ɗaura da hannunka. Akwai fili a miƙe a wajenka?

Oga Tanimu: Akwai daɓen siminti a bakin shagon maƙwabcina, a nan za mu yi. Ka kawo ta da yamma ta kwana, da safe inji ya huce mu fara. Ka taho da tiyon nan biyu da sabon murfi da galan biyu na kulant iri ɗaya da wanda ka zuba, ni kuma zan aro kayan gwajin gaskit mu yi duka rana ɗaya.